Rediyon da Ya Jira a Ɗauke Wuta

Ranar da aka liƙa jerin furojet a allon sashenmu, na tsaya ina bin su ɗaya bayan ɗaya. Ƙofa mai buɗewa da zanen yatsa. Famfon da ake kunnawa da waya. Na'urar da ke tura saƙo idan gas ya zube a kicin. Can ƙasa, lamba ta 19, ga namu: ƙira da haɗa akwatin rediyo. Wani a bayana ya karanta da ƙarfi, ya ce, "Rediyo? A wannan zamanin? To baɗi sai a ba wasu su ƙera fitilar ƙwai." Aka kwashe da dariya. Ni ma na yi, don ban ga abin da zan ce ba.

Gaskiya ba rediyo na so ba tun farko. Abin da na kai wa sufabaizanmu na'urar watsa shiri ce a zangon FM, in riƙa sa waƙa daga hostal ana kamawa har bakin get. Malam ya dubi takardar, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Kana da lasisin NBC?" Na ce a'a. Ya ce, "To ba da sunana za a zo a kwashe ka ba. Je ku haɗa mai kamawa. Kowane iri kuka ga dama, amma ranar difens duk abin da na ɗora biro a kansa sai kun faɗa min aikinsa."

Mu uku ne a rukunin: ni, da wani mutumina da muke tare tun ND I, da wata da muke kira Anti saboda ta ɗan girme mu. Muna fitowa daga ofis mutumina ya ja mu gefe. Wai akwai wani a bayan makaranta, kowa ya kawo dubu ashirin, a ba mu na'ura a haɗe da rubutu har babi na biyar. Duk wanda ke karanta wannan mujalla ya san irin shagon da nake nufi, kada mu yaudari juna. Ba zan ce tsoron Allah ne kaɗai ya hana ni ba. Dubu ashirin ɗin ce ba ni da ita a lokacin. Anti kuwa cewa ta yi bara ta leƙa difens ɗin na gaba da mu, ta ga an ce wa wani ya nuna regileta ya nuna boza, ita ba za ta iya wannan abin kunya ba. Mutumina ya nemi canjin rukuni aka ba shi. Muka rage mu biyu.

Sai zaɓi. Ban san rediyo iri-iri ba ne sai da muka zauna da littattafai.

Mafi sauƙi shi ne rediyon diyod, wanda ko batir ba ya buƙata: naɗin waya, kafasita mai juyawa, diyod ɗin jamaniyum irin 1N34A, sai abin sawa a kunne. Ƙarfin tashar ne da kansa ke motsa shi. Ana zaɓar jamaniyum don yana fara barin wuta ta wuce tun daga wajen bolt 0.3, silikon kuwa sai ya ga 0.6. Amma yana son doguwar eriya da tasha mai ƙarfi a kusa, kuma abin kunnen da ya dace da shi daban ne da na wayoyinmu, mun zaga ba mu samu ba. Malam ma ya ce wannan aikin 'yan sakandare ne.

A ɗaya ƙarshen akwai 'yan allunan FM da ake sayarwa a haɗe, irin TEA5767. Ka jona da Arduino, ka kwafo 'yan layuka a intanet, cikin yini ɗaya tasha ta fito tar. Sai dai duk rediyon yana cikin wata baƙar ƙwaya da ba ta kai farcen yatsa ba. In Malam ya ɗora biro ya ce ina ake tace tasha, sai ka nuna ƙwayar ka yi shiru.

Tsakaninsu akwai sufahet, tsarin kusan duk rediyon da muka tashi muka gani a gidajenmu. Dabararsa ita ce, kowace tasha ka murɗo, ana cakuɗa ta da wata kaɗawa da rediyon ke samarwa da kansa, a mayar da ita kilohaz 455 idan AM ce, ko megahaz 10.7 idan FM ce, sannan a tace ta a ƙarfafa ta a wannan matsayi guda. Yana da kyau ƙwarai, amma kayansa na da yawa, kuma sai an daidaita matakansa ɗaya bayan ɗaya da na'urar awo.

Ni kuma girman kai ya ce min FM za mu yi da transista zalla, ba ƙwayar kowa. Anti ta ce mu bi a hankali, na ce ai na ga wani ya yi a YouTube cikin minti goma sha biyu. Na sayi kaya na wajen dubu tara, kuɗin da Umma ta ba ni daga adashinta, na soke su a biredbod, allon gwajin nan mai huji-huji da muke amfani da shi a leb. Sati uku ina fama. Abin da kawai na samu shi ne "shhhh", sai wata ƙara da ke sauyawa duk sanda na kai hannu kusa.

Da na je gida ƙarshen mako Baba ya ga fuskata ya tambaya. Babana mutumin rediyo ne. Shekarar da BBC ta fara shirin Hausa, 1957, ko haihuwarsa ba a yi ba, amma yadda yake maganar gidan za ka ce da shi aka kafa. Har gobe in lokacin labarai ya yi, ba mai yi masa magana. Ya ce in je wurin tsohon da ke gyara masa rediyo tun kafin a haife ni. A raina na ce, mutumin da bai taɓa ganin lissafin fazo ba, me zai koya min? Amma na tafi.

Shagon ɗan ƙarami ne a lungun kasuwa. Yanzu yawancin aikinsa tocila ce mai caji da rimot da 'yan sifikun MP, rediyoyin kuwa suna jibge a kusurwa sun yi ƙura. Na gaishe shi, na faɗi ɗan wane ne ni, na miƙa masa biredbod ɗina. Ya juya shi, ya ɗaga wayoyin da yatsa, ya ce, "Injiniya, wannan taliya ce ko rediyo?"

Ya jawo wani mataccen rediyo ya buɗe bayansa. "Dubi nan, kusurwar FM ke nan. Ka ga ƙafafun kayan? Ko tsawon ƙwayar shinkafa ba su kai ba. Ka ga wannan naɗin? Zagaye huɗu ne kawai, kuma an zuba masa kakin zuma don kada ya motsa. In ka ɗan buɗa shi da farce, tasha ta gudu." Ya nuna min 'yan gwangwanayen nan masu kai ja da rawaya da fari da baƙi, ya ce da kunne yake daidaita su tun yana saurayi.

A hanyar komawa makaranta abin da aka koya mana a aji ya faɗo min. FM tana tsakanin megahaz 87.5 da 108, wato kaɗawa kusan miliyan ɗari a daƙiƙa ɗaya. A wannan saurin kowace 'yar waya ta zama naɗi, kowane layi biyu na biredbod da ke kusa da juna sun zama kafasita ta 'yan pikofarad. Ita kuwa kafasitar da ke zaɓar tasha gaba ɗayanta ba ta wuce pikofarad ashirin ko talatin ba. Ashe sakit ɗin da na zana daban, wanda na haɗa daban. Na rubuta wannan a jarrabawa na ci maki, amma sai da tsoho ya kira aikina taliya na gane shi.

Anti ce ta zo da mafita. Ta gano wani tsohon tsari mai mayar da sigina baya, wanda Edwin Armstrong ya ƙirƙiro a 1912, yana ɗalibi a Jami'ar Kolombiya a Amurka, kusan sa'ana a shekaru. Shi ne dai daga baya ya fito da sufahet a 1918, da FM a 1933. Tsarin kuwa mai sauƙin faɗa ne. Transista ɗaya ta ƙarfafa siginar da eriya ta kamo, sai a ɗebi kaɗan daga abin da ta fitar a mayar mashigarta ta wani ƙaramin naɗi, siginar ta sake zagayowa tana ƙara ƙarfi. Kun san yadda lasifikar masallaci ke ƙara idan makirfo ya matso kusa da ita? To abin ke nan. Gwanintar ita ce ka murɗa har bakin inda zai fara ihu, ka tsaya a nan. A wannan gaɓar transista ɗaya tak tana aikin da ya kamata a ce uku ne suka yi.

Muka yanke cewa gajeren zango za mu kama, inda saurin bai kai na FM ba, kuma akwai tashoshin nesa da yawa. Tsohon nan ya ciro mana kafasita mai juyawa, wadda su masu gyara ke ce wa gan, daga cikin matattun rediyoyinsa, ya ƙi karɓar ko sisi. Muka auna ta a leb, ta kai pikofarad 160, muka ƙara 20 na abin da wayoyi za su jawo. Muna son ƙasan zangon ya fara daga megahaz 6. Da muka sa a f = 1/(2π√LC), sai ya ba mu naɗi na wajen maikrohenri 3.9. Zagaye 12 ke nan a kan bututun roba na ruwa mai faɗin inci ɗaya, sai ƙaramin naɗin mayarwa mai zagaye uku a gefensa. Transista 2N3819, sai LM386 don ƙara sauti, sifika, batir mai bolt 9. Karo na farko ke nan a rayuwata da na yi lissafi na riƙe amsarsa a tafin hannuna.

Asabar uku na yi a shagon ina koyon dalma. Ni da na ɗauka na iya. Ashe narkar da ita nake a kan ƙarfe in ɗiga kamar kyandir. Ya ce, "A'a, ɗana. Ƙafar da allon za ka fara gasawa, sannan ka kawo dalma ta narke da zafinsu. In ta kwanta tana ƙyalli, ta kama. In ta dunƙule ta yi duhu, ƙarya take maka." Shi ya sa na kankare fentin wayar naɗi da reza kafin in haɗa. Shi kuma ya ce mu ɗora komai a kan murfin gwangwanin biskit mu haɗa shi da wayar ƙasa, don kada kusantowar hannu ta riƙa kore tasha. Da na nuna masa zanen sai ya girgiza kai, ya ce shi duk shekarunsa bai taɓa ganin rediyon da babu gwangwanaye masu launi ba, amma mu gwada.

Muka gama, muka kunna. Shiru. Na murɗa bolum ɗin mayarwa daga farko har ƙarshe, ko tari bai yi ba. Kwana biyu ina bin dalma ɗaya bayan ɗaya da mitar gwaji. A rana ta uku Anti ta zauna da zanen, ba ta taɓa komai ba, can ta ce, "Juya ƙafafun ƙaramin naɗin." Na ce wace irin magana ce, waya ai waya ce. Ta ce in siginar ta koma a juye, ragewa take yi maimakon ƙarawa. Na cire na juya. Ina murɗawa sifika ta ce "fuf", ta fasa ihu har mai kula da leb ya leƙo. Ban taɓa jin daɗin ƙara irin na ranar ba.

Sai dai tasha ba ta zo ba. Na kai shi hostal, na shimfiɗa eriya a jikin bango, ko'ina na murɗa sai "zzzz" kamar an saki ƙudan zuma. Sati guda haka. Saura kwana goma sha biyu difens. Mutumina ya riga ya karɓo tasa na'urar, tana walƙiya da fitilu shuɗi da kore, yana yawo da ita ɗaki-ɗaki. 'Yan ɗakinmu suka sa min suna Mai Rediyo. Abin da ban faɗa wa Anti ba sai yanzu da za ta karanta a nan: na karɓi lambar mutumin bayan makaranta na kira shi. Ya ce tunda lokaci ya ƙure, kuɗin ya ƙaru. Na ce zan kira gobe. Na riga na fara tsara ƙaryar da zan yi wa Umma.

A daren, wajen tara saura, ina zaune a bakin katifa rediyon na ta zizarsa, aka ɗauke wuta. Ɗaki ya yi "kash!" baki ɗaya. Ni kuwa abin da na lura da shi daban ne: zizar ta ɗauke tare da wutar. Rediyon batir yake ci, yana nan a kunne, sai wani siririn huci mai tsabta. Na kai hannu a cikin duhu na murɗa gan a hankali. Wata murya ta taso da Faransanci ta nutse. Na ƙara gaba, kiɗa. Na ƙara, sai ga Larabci. Na ɗan ja bolum ɗin mayarwa zuwa bakin ihu, na matsa kaɗan, sai na ji mace tana karanta labarai da Hausa, muryar tana zuwa tana komawa kamar iska na kaɗa ta.

Wanda ke gadon sama ya diro. "Kai, Mai Rediyo, wallahi magana yake!" Kafin minti biyar ɗakin ya cika, ana haska tocila a kan murfin biskit da bututun ruwa. Wani ya ce ƙarya ne akwai waya a ƙarƙashi, ya ɗaga ya duba. Na kira Anti na kara wayar a sifika, ban ce komai ba. Ta yi shiru, can ta ce, "Alhamdu lillahi. Kada ka taɓa komai, ka rubuta inda gan ɗin yake."

Ashe rediyon lafiyarsa ƙalau tun sati guda. Mu takwas ne a ɗakin, caja ta fi goma a kan soket ɗaya, ga ƙwayayen fitila na zamani. Duk waɗannan suna kunna wuta suna kashewa sau dubbai masu yawa a daƙiƙa, kuma dattin da suke fesawa yana kaiwa har cikin gajeren zango. Ni kuma na bi na kwantar da eriya a jikin wayar wutar ɗakin. Da safe na ja waya mai tsawon mita goma ta taga zuwa bishiyar darbejiya, nesa da wayoyin wuta. Daga ranar ko da wuta yana kamawa. Mutumin bayan makaranta ya kira ni sau biyu, ban ɗauka ba.

Zan so in ce ranar difens rediyon ya burge kowa, amma ba haka aka yi ba. Ƙarfe sha ɗaya na safe aka kira mu, janareta na aiki, fankoki na juyawa, kowa da kwamfutarsa a jone. Muka zura eriya ta taga. Da ƙyar muka samu tasha ɗaya, ita ma can ƙasa-ƙasa. Mai jarrabawar da aka gayyato daga waje ya kai hannu ya murɗe bolum ɗin mayarwa, abin ya fasa ihu, 'yan baya suka tuntsire da dariya. Ya ce, "Me ya sa ya yi haka?" Na faɗa masa. Ya ce, "Kun rubuta cewa da dare kuna kama tashoshi da yawa. Ina suke yanzu?" Na ce siginar gajeren zango sama take tafiya, ta bugi wani ɓangare na sararin samaniya da ke sama da kilomita 200 ta dawo ƙasa, shi ya sa take tsallake ƙasashe. Da rana kuwa hasken rana yana samar da wani shimfiɗi a ƙasa da wancan, tsakanin kilomita 60 da 90, wanda ke shanye ƙananan mitoci kafin su wuce, in rana ta faɗi sai ya watse. Ya juya wurin Anti ya ce ta faɗi aibin wannan tsari. Ta ce in ya shiga ihu shi ma ya zama ƙaramin mai watsawa, yana iya damun rediyon maƙwabci, kuma sai da hannu biyu ake kama tasha, shi ya sa sufahet ya ture shi daga kasuwa. Malam ya ɗora biro a kan kaya shida, muka amsa biyar. Na shidan wata kafasita ce da muka kwafo daga zane ba mu tambayi dalilinta ba, kuma ita ya fi daɗewa a kai.

Mun samu B. Mutumina ya samu A, don tasa ta yi aiki tsaf kuma tambayoyin da suka faɗo masa ya haddace su. Ba zan ɓoye ba, abin ya yi min ciwo, har yanzu in na tuna yana ɗan sosa ni. A takardar sakamako ba a rubuta wa ya naɗa waya da hannunsa.

'Yan ND I da za ku karɓi naku baɗi, ba zan ce kowa ya yi rediyo ba. Amma ku zaɓi abin da za ku iya tsayawa a kan kowace ƙafarsa ku yi bayani, ko da bai da fitilu masu walƙiya. Ku fara da wuri, don sati ukun farko na ɓata ne. In abinku ya shafi sigina mai sauri, ku ajiye biredbod ku kama dalma. Kuma ku nemi masu gyara na kasuwa tun suna nan, ku gaishe su da ladabi. Akwai abin da ke hannunsu wanda ba ya cikin handawut.

Sashe ya riƙe rediyon na difens, don haka na haɗa wani na kai gida. Na biya ta shagon tsohon na kunna masa. Ya kara kunne ya daɗe, ya ce, "Ikon Allah, ba gwangwani ko ɗaya." Ya juya allon ya duba dalmar, ya nuna guda biyu ya ce in sake su.

Baba kuwa da dare ya sa aka ɗaura masa eriya a jikin bishiyar tsakar gida. Ya murɗa, abin ya yi ihu, ya janye hannu da sauri. Na nuna masa yadda ake ja da baya kaɗan. Ya gwada sau uku kafin ya samu tasharsa. Ya saurari labarai har ƙarshe, sannan ya ce nasa na kanti ya fi wannan sauƙin sha'ani nesa ba kusa ba. Na ce haka ne, Baba, bari in tafi da shi. Ya ce, "Wa ya ce ka ɗauka? Ajiye min shi nan."